Yadda Wata Cibiyar Adana Bayanai Ta Koyi Hasashen Zafinta, 2008 zuwa 2018

Wurin da matsalarsa

Wannan nazari ya bi sawun matsala guda ɗaya a manyan cibiyoyin adana bayanai na kamfanin Google: yawan wutar lantarkin da ke tafiya wajen sanyaya sabobi. Kamfanin bai bayyana sunan cibiyar da aka fara gwajin a cikinta ba, saboda haka a nan ma "cibiyar" kawai za a riƙa ce mata.

Cibiyar adana bayanai gini ne da aka cika da dubban kwamfutoci masu ƙarfi, waɗanda ake kira sabobi, an jera su a kan kantoci, suna aiki dare da rana ba hutu. Kusan duk wutar da saba ta sha, zafi take komawa. In ba a kwashe wannan zafi ba, ɗakin zai turnuƙe cikin ɗan lokaci, sabobin su rage gudu, daga nan su kashe kansu don kada su lalace.

Ga hanyar da zafin ke bi kafin ya fita. Fankoki suna jan iska mai zafi daga bayan sabobi, su bi da ita ta kan bututan da ruwa ke gudana a ciki. Ruwan ya ɗauki zafin, famfuna su tura shi zuwa ɗakin injuna. A can na'urar musayar zafi ta miƙa zafin ga wani zagayen ruwa na biyu, wanda shi kuma ake haurawa da shi hasumiyar sanyaya ruwa. A cikin hasumiyar ana yayyafa ruwan, fanka tana kaɗa masa iska, wani ɓangarensa ya bi iska, sauran ya huce. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma duk wanda ya sha ruwan randa da hunturu ya sake sha da damina ya san cewa busasshiyar iska ta fi sanyaya shi. Haka hasumiyar take. Ranar da iskar waje ta yi zafi kuma ta cika da laima, hasumiyar ba ta iya aikin ita kaɗai, dole a tayar da injunan sanyaya ruwa masu kwamfuresa, waɗanda su ne suka fi komai cin wuta a ɗakin injunan.

Ma'aunin da masu wannan sana'a ke amfani da shi sunansa PUE. Ana raba duk wutar da ta shiga ginin da wutar da sabobi da na'urorin sadarwa kaɗai suka sha. PUE na 2.0 na nufin kowane kilowat 100 da sabobi suka sha, an kashe wani 100 a kan sanyaya, fitilu da asarar da ake yi wajen rarraba wuta. PUE na 1.12 na nufin 12 kawai aka kashe a kan wannan ƙarin. Binciken Uptime Institute, ƙungiyar da ke nazarin cibiyoyin bayanai, na shekarar 2007 ya nuna matsakaicin cibiyoyin da aka tambaya ya kai 2.5.

2008 zuwa 2013: gyare-gyaren da ido ke gani

A 2008 kamfanin ya fara wallafa PUE na manyan cibiyoyinsa, kuma a lokacin yana kan 1.21. Matakan da aka ɗauka a shekarun da suka biyo baya ba su buƙaci wani lissafi mai zurfi ba.

An raba iska mai zafi da mai sanyi. A tsofaffin ɗakuna iskar da ta fito daga bayan saba takan zagayo ta gaurayu da wadda za ta shiga gabanta, sai a yi ta kashe wuta wajen sanyaya iskar da aka riga aka sanyaya. Sai aka killace layin da zafi ke fitowa, aka toshe ramukan kantocin da babu saba a cikinsu. An kuma ɗaga zafin ɗakin kansa zuwa wajen digiri 27 a ma'aunin Salshiyos, wanda yake daidai da iyakar sama ta shawarar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE, wato tsakanin digiri 18 da 27 a bakin shigar iska. Kafin nan cibiyoyi da yawa suna sanyaya ɗaki fiye da yadda sabobi ke buƙata. An riƙa dogaro da hasumiyoyi da sanyin waje duk lokacin da yanayi ya ba da dama, injunan kwamfuresa suna kashe. An rage yawan matakan da ake sauya wuta kafin ta isa ga saba, domin kowane mataki yana da tasa asarar.

Tare da waɗannan aka yi wani abu da a lokacin ba a ɗauke shi gyara ba: an dasa na'urorin awo ko'ina. Zafin ruwa, gudun famfo, yawan wutar da kowane ɓangare ke sha, zafin waje, laima, duk ana rubutawa ana ajiyewa. Shi kansa PUE ana lissafa shi duk bayan daƙiƙa 30.

Zuwa 2013 adadin ya sauko 1.12, a lokacin da matsakaicin sauran cibiyoyi yake sama da 1.6. Daga nan sai ya tsaya. Wata ya bi wata, layin ya miƙe, ba ya ƙara sauka.

Inda lissafin hannu ya cije

Dalilin tsayawar shi ne abubuwan da suka rage ba su da amsa guda. A ɗauki famfo. Wutar da famfo ko fanka ke ci tana hawa da sauka ne da gudunsa sau gudunsa sau gudunsa: in ka rage gudun da kashi 20 cikin 100, wutar da zai ci ta ragu kusan rabi. To me zai hana a rage gudun kowane famfo? Domin in ruwa ya rage gudu, zai dawo da zafi fiye da da, fankokin hasumiya su ƙara ƙoƙari, kuma in abin ya wuce wani mizani injin kwamfuresa ya tashi ya cinye duk abin da aka adana, har da riba. Haka kuma tambayar ko a kunna hasumiyoyi uku da ƙarfi ko biyar a hankali. Amsarta da sassafe daban, da azahar daban, ranar da laima ta yi yawa daban.

Injiniyoyin kamfanin sun ba da misali mai sauƙi: na'urori 10, kowace da saiti 10, sun ba da haɗi biliyan 10. Cibiya ta gaskiya kuwa ta fi haka na'urori nesa ba kusa ba. Babu mai iya gwada waɗannan a kan ginin da ke ɗauke da saƙonni da bayanan miliyoyin mutane, inda kuskure ɗaya zai iya jefa ɗaki cikin zafi.

Abin da ake da shi a lokacin ƙa'idoji ne da aka rubuta wa na'urorin sarrafawa: in zafin ruwa ya kai kaza, ƙara gudun fanka, in ya wuce kaza, tayar da injin sanyaya. Kowace na'ura tana gadin ma'auninta, ba ruwanta da maƙwabciyarta. Ƙa'idojin suna da aminci, kuma an bar rata mai yawa a cikinsu don gudun haɗari. A cikin wannan rata wutar ke salwanta. Bayan haka, babu cibiyoyi biyu da gininsu da yanayin garinsu suka zo ɗaya, saboda haka saitin da ya yi kyau a nan ba lallai ya yi a can ba.

2014: tagwaye na farko

Wani injiniya daga sashen cibiyoyin, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne na'urorin sanyaya, ya ɗauki darasin koyar da na'ura ta intanet daga Jami'ar Stanford, ya yi amfani da lokacin da kamfanin ke ba ma'aikata don ayyukan kansu. Tunaninsa shi ne: tun da an shekara ana rubuta abin da cibiyar ke yi, a koya wa kwamfuta ta kwaikwayi halinta, sannan a yi gwaji a kan kwaikwayon maimakon ginin.

Wannan shi ne abin da yanzu ake kira tagwayen dijital, ko da yake kamfanin bai kira aikin da wannan suna ba a lokacin. Tunanin ya samo asali ne daga Michael Grieves a Jami'ar Michigan a 2002, kuma hukumar NASA ta binciken sararin samaniya a Amurka ta yaɗa sunan a 2010: abu na zahiri, kwafinsa a cikin kwamfuta, da bayanai masu gudana tsakaninsu. A cibiyoyin bayanai ana gina irin wannan kwafi ta hanya biyu. Ɗaya ita ce a zana ginin duka, kanta bayan kanta, a lissafa yadda iska da zafi za su bi bisa dokokin kimiyya. Wannan hanya tana iya amsa tambaya a kan abin da bai taɓa faruwa ba, amma tana da nauyi da jinkiri, kuma da zarar an sauya wani abu a ɗaki ba a sauya a zane ba, ta fara ƙarya. Ta biyu ita ce a bar tarihin awo ya koyar da samfurin, wato kwafin da ke cikin kwamfuta. Ita injiniyan ya bi.

Ya ɗauki kimanin wata shida kafin ya samu samfurin gwaji mai aiki, kuma hasashen farko sun kauce sosai. Akwai ma lokacin da aka nemi samfurin ya faɗi hanyar da za a fi adana wuta, sai ya ba da shawarar a kashe cibiyar baki ɗaya. Dalili kuwa a fili yake: an gaya masa abin da zai rage, ba a gaya masa abin da dole ya kiyaye ba.

Samfurin da aka wallafa bayaninsa a watan Mayun 2014 tsarin lissafi ne mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, mai hawa biyar na ciki, kowane hawa da gurbi 50. Ana ba shi ma'aunai 19, shi kuma ya faɗi PUE. Cikin ma'aunan akwai nauyin aikin sabobi, yawan famfunan da ke kunne da gudunsu, yawan hasumiyoyi da injunan sanyaya da ke aiki, zafin da aka saita wa ruwan da ke fitowa daga hasumiya, zafin waje, laima, gudun iska da inda ta fuskanta. An koyar da shi da awo sama da 180,000, waɗanda aka ɗauka duk bayan minti biyar na tsawon kimanin shekara biyu. Kashi 70 cikin 100 aka yi koyarwa da su, aka ɓoye kashi 30 don jarrabawa. A jarrabawar, matsakaicin kuskurensa ya tsaya a 0.004, wato wajen kashi 0.4 cikin 100 idan PUE yana 1.1.

An gwada shi a kan abubuwa uku na zahiri.

Na farko, samfurin ya yi hasashen cewa in aka ɗaga zafin ruwan da ake turawa ɗakin sabobi da digiri 3 a ma'aunin Faranhait, PUE zai sauka da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Aka yi gwajin a ginin, sakamakon ya dace da hasashen.

Na biyu shi ne wanda ba a shirya ba. Kamfanin ya fara haɗa iskar gas a lissafin PUE, aka sa mitoci a cibiyoyi. Sai ma'aikata suka lura cewa duk lokacin da ake ƙona gas, PUE na zahiri yana haura abin da samfurin ya faɗa. Da aka bincika, ba samfurin ne ya yi kuskure ba. Mitocin ne ba su zo iri ɗaya ba, kowane iri yana ƙirga yawan gas da nasa mizanin, kuma an karanta wasu da mizanin da ba nasu ba. Saɓanin da ke tsakanin kwafi da gini shi ya tona matsalar.

Na uku, an yi buƙatar kashe wani ɓangare na sabobin wata cibiya na 'yan kwanaki. Irin wannan yakan ɓata PUE, domin injunan sanyaya suna ci gaba da cin wuta alhali aikin da suke yi wa hidima ya ragu. Ma'aikata suka gwada saiti daban-daban a kan samfurin, suka zaɓi wanda ya fi, suka yi aiki da shi har aka gama, asarar ta ragu.

Rahoton bai ɓoye raunin samfurin ba. Kuskurensa yana ƙaruwa idan PUE ya haura 1.14, saboda cibiyar ba ta cika zama a wannan hali ba, awon da aka koyar da shi a wajen kaɗan ne.

2016: daga hasashe zuwa shawara

A farkon 2014 Google ya sayi kamfanin DeepMind na Landan, masu binciken ƙirƙirarriyar basira. Daga baya masu bincikensa suka haɗu da ma'aikatan cibiyoyin suka faɗaɗa aikin.

Sauyi biyu aka yi masu muhimmanci. Samfurin 2014 yana faɗin PUE na yanzu ne in an ba shi yanayin yanzu. Sabon kuwa an koyar da shi ya faɗi matsakaicin PUE na gaba, kuma maimakon samfuri ɗaya aka yi gungun samfura ana haɗa amsarsu. Sauyi na biyu shi ne maganin waccan shawara ta kashe cibiya: an ƙara gungu biyu, ɗaya yana hasashen zafin ɗaki, ɗaya yana hasashen matsi, na tsawon sa'a guda mai zuwa. Duk shawarar da samfurin PUE ya kawo, sai an bi da ita ta waɗannan biyun a ga ko za ta ƙetare iyakar da aka gindaya. Wadda za ta ƙetare, a nan take mutuwa.

Bayanan kuma ba ma'aunai 19 ba ne yanzu, na dubban na'urorin awo ne: zafi, wuta, gudun famfuna, saiti.

Aka ɗora tsarin a kan cibiya mai aiki. Shi yana ba da shawara, ma'aikatan da ke bakin aiki su duba, in sun gamsu su juya saitin da hannunsu. A ranar 20 ga Yulin 2016 aka sanar da sakamako: wutar sanyaya ta ragu da abin da ya kai kashi 40 cikin 100, wanda ya zama ragin kashi 15 cikin 100 na duk ƙarin da PUE ke aunawa, bayan an yi la'akari da asarar rarraba wuta da sauran abubuwan da ba su shafi sanyaya ba. Shi ne PUE mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a wannan cibiya. An nuna zanen rana guda: da aka fara bin shawarwarin layin ya faɗi, da aka daina ya koma inda yake.

Abin da ya ƙi tafiya

Matsalar da ta taso ba ta lissafi ba ce. Yanayin waje da nauyin aikin sabobi suna sauyawa cikin mintuna, shawarwari kuma suna ta zuwa. Kowace sai mutum ya karanta, ya auna ta da abin da ya sani, ya shigar da ita. Ma'aikacin ɗakin injuna yana da wasu ayyukan: gyara, zagaye, ƙararrawar da ta yi kuka a wani ɓangare. Shawarar da ta dace da ƙarfe biyu, in aka aiwatar da ita ƙarfe uku, ta riga ta tsufa.

Ma'aikatan sun faɗi ra'ayinsu a fili. Sun ce tsarin ya koya musu dabaru, misali raba nauyin sanyaya a kan na'urori da yawa maimakon ɗora shi a kan kaɗan, abin da ya dace da dokar nan ta gudun famfo da wutar da yake ci. Amma sun ce bin shawarwarin yana cin lokaci da sa ido fiye da kima. Su ne suka tambaya ko za a iya samun irin wannan ragi ba tare da hannun mutum a kowane mataki ba.

2018: an miƙa masa linzami, da sharuɗɗa

A watan Agustan 2018 kamfanin ya bayyana cewa tsarin ya shafe watanni yana sarrafa injunan sanyaya da kansa a cibiyoyi fiye da ɗaya. Ga yadda zagayen yake. Duk bayan minti biyar, tsarin da ke zaune a kwamfutocin kamfanin na nesa yana ɗaukar awon dubban na'urori a lokaci guda. Ya lissafa abin da kowane haɗin matakai zai haifar wa wutar da za a ci nan gaba. Ya zaɓi wanda ya fi rage wuta ba tare da keta iyakokin tsaro ba. Ya aika wa cibiyar. A can kuma na'urar sarrafawa ta cikin gida ta sake tantance umarnin da nata jerin iyakoki kafin ta taɓa famfo ko fanka.

Mafi yawan bayanin da aka fitar a kan tsaro yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ga kowane mataki da tsarin ya yi la'akari da shi, yana lissafa yawan tabbacin da yake da shi a kan hasashensa. Matakin da tabbacinsa ya yi ƙasa, ana zubar da shi ko da a takarda ya fi kowanne riba. Wannan amsa ce kai tsaye ga raunin da aka gani a 2014, inda samfurin ke kaucewa a yanayin da bai saba gani ba. Iyakokin kansu ma'aikatan cibiyar ne suka rubuta su, ba masu bincike ba. Tantancewa sau biyu take, can nesa da nan gida, ta yadda in saƙo ya gurɓace a hanya ko samfurin ya ruɗe, na'urar gida za ta ƙi shi. In tsarin ya keta iyaka ko sadarwa ta yanke, ana komawa tsofaffin ƙa'idoji kai tsaye, kuma an tsara komawar ta zama a hankali don kada injuna su yi tsalle daga wani saiti zuwa wani. A kowane lokaci ma'aikaci na iya cire tsarin ya karɓi aiki.

Da gangan aka takura masa a fili mafi ƙunci fiye da na gwajin 2016, an san kuma hakan zai rage ribar. A farkon aikin ragin wutar sanyaya ya kai kimanin kashi 12 cikin 100. Cikin wata tara, yayin da sababbin bayanai ke taruwa, ya haura zuwa wajen kashi 30 a matsakaici, idan aka kwatanta da yadda ake yi a da.

An ba da labarin abubuwa biyu da tsarin ya yi waɗanda ba su cikin ƙa'idojin da. Da sanyin hunturu ya shigo, ya koyi amfani da shi ya samar da ruwa mai sanyi fiye da yadda aka saba, abin da ya rage wutar da ake buƙata a cikin ɗakin sabobi. A wata cibiya kuma da ke tsakiyar Amurka, ranar da aka yi gargaɗin guguwa, matsin iska ya faɗi, zafi da laima suka juya, tsarin ya sauya saiti ta hanyar da ta ba ma'aikata mamaki. Da suka bi diddigi, suka ga matakin ya dace da wannan yanayi.

A shekarar dai, wasu masu bincike na kamfanin suka gwada wata hanya a cikin ɗakin sabobi kansa, wajen sarrafa fankoki da ruwan na'urorin hura iska. Samfurinsu mai sauƙi ne ƙwarai, kuma maimakon tarihin shekaru, sun bar shi ya ɗan motsa saiti cikin iyaka na 'yan sa'o'i yana kallon abin da zai biyo baya. Ya riƙe zafi da matsin iska yadda ake so, da wuta ƙasa da ta tsofaffin na'urorin sarrafawa.

Hukunci

Abu na farko da ya kamata a daidaita shi ne adadin kashi 40, domin an yi ta yawo da shi kamar wutar cibiyar duka ce ta ragu da haka. Wutar sanyaya ce kawai, kuma iyakar abin da aka kai ne, ba matsakaici ba. A ɗauki cibiya mai PUE 1.12 a matsayin misali. Ragin kashi 15 na ƙarin 0.12 zai kai ta wajen 1.10, wato duk wutar ginin ta ragu da abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A ginin da ke shan megawat masu yawa dare da rana wannan kuɗi ne mai kauri, amma bai kai abin da killace iska da ɗaga zafin ɗaki suka kawo tsakanin 2008 da 2013 ba. Alƙaluman kuma daga kamfanin da ya yi aikin suka fito. Na fi ba adadin 2018 nauyi, domin matsakaici ne na watanni, an kuma faɗi inda ya fara.

A ganina abin da ya sa aikin ya yi nasara ba zurfin samfurin ba ne. Samfurin 2014 ƙarami ne, ɗalibin jami'a zai iya gina irinsa a yau. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne shekaru biyu na awo duk minti biyar, daga na'urorin da ake kula da su, a ginin da aka riga aka gyara manyan kurakuransa. Cibiyar da iskarta mai zafi ke gaurayuwa da mai sanyi, ko mitocinta ba su yarda da juna ba, in ta gina tagwaye za ta samu kwafin rikicinta ne daidai wa daida. Labarin mitocin gas ya nuna amfanin da aka fi rainawa: kafin tagwayen ya rage ko kilowat ɗaya, yana iya nuna wurin da awo ya lalace.

Gazawar 2016 ma tana da nata darasi ga masu sayen irin waɗannan manhajoji. Hasashen ya yi daidai, amma an ɗora shi a kan mutanen da hannunsu ya riga ya cika. Maganin da aka samu bai fitar da su daga aikin ba. An ɗauke musu juya saiti duk minti biyar, aka bar musu rubuta iyaka da ikon kashe tsarin, kuma wannan rabo ne ya sa suka yarda a bar shi kunne.

Iyakar hanyar tana nan inda take tun 2014. Samfurin da ya koya daga tarihi ba shi da abin faɗa a kan ranar da ba ta cikin tarihin. A 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Ingila, karo na farko da aka haura 40 a ƙasar, kuma na'urorin sanyaya suka gaza a cibiyoyin da Google da kamfanin Oracle ke amfani da su a Landan, har aka kashe wasu sabobi. Wannan lamari ba na tsarin da ake nazari ba ne, amma irin ranar ke nan da lissafin tabbaci zai sa tagwayen ya janye ya bar wa ƙa'idoji da mutane. Tambayoyi irin su me zai faru in injuna biyu suka mutu tare, ko in aka cika kanta da sabobin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da zafi ninkin na da, suna buƙatar ɗayan nau'in tagwayen, wanda aka gina a kan dokokin iska da zafi. Cibiya mai hankali za ta riƙe duka biyun.

Game da ko sakamakon zai maimaitu a wani wuri, akwai gwaji guda da ya ba da haske. A 2022 DeepMind tare da kamfanin Trane Technologies sun wallafa abin da suka samu da suka kai irin wannan tsari ɗakunan injunan sanyaya na wasu manyan gine-gine biyu da ba na Google ba. Ragin ya zo kashi 9 cikin 100 a ɗaya, kashi 13 a ɗayan, kuma wani babban ɓangare na rahoton ya tafi ne a kan wahalar da suka sha da ƙarancin bayanai, gurɓataccen awo da na'urorin da ba sa bin umarni yadda aka zata. Wanda zai yi kasafin irin wannan aiki a cibiyar da ba ta da tarihin awo kamar na Google, da waɗannan alƙaluma biyu ya kamata ya fara lissafinsa.